Wasan Ultimate da Batun Masu Kula da Layi

An fara wasan ultimate a shekarar 1968 a makarantar sakandaren Columbia da ke Maplewood, a jihar New Jersey ta Amurka. 'Yan wasa bakwai-bakwai ne ke karawa suna jefa wa juna faifan roba, ba a gudu da shi a hannu, kuma ana cin maki idan aka cafe shi a yankin ci na abokan hamayya. Abin da ya fi bambanta wasan shi ne tun asali ba shi da alƙali. 'Yan wasa ne ke kiran laifi da bakinsu bisa aƙidar da suke kira ruhin wasa, kuma idan suka kasa daidaitawa sai faifai ya koma hannun wanda ya jefa. To, a irin wannan tsari, shin mai kula da layi yana da amfani? Yana da shi, muddin aikinsa ya tsaya a kan layin.

Dalili kuwa shi ne gardamar layi ba irin gardamar ture ko riƙo ba ce. Wanda aka bangaje shi ya fi kowa sanin abin da ya ji a jikinsa, don haka ba shi ikon yin magana adalci ne. Amma a dokar wasan layin kansa waje ne, kuma inda ƙafa ta fara sauka bayan cafewa shi ke nuna ko ɗan wasa yana ciki. Wanda ya yi tsalle idonsa na kan faifai a sama, mai tsaronsa ma can yake kallo, sauran kuma suna warwatse a filin da ya kai mita 100 a tsawo da 37 a faɗi. Mutum biyu masu gaskiya za su iya saɓawa a nan ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Mayar da faifai baya kuma ba ya gyara komai, domin idan cafewar ta halasta, an tauye wa ƙungiya makinta.

Masu shirya gasa sun gwada hanyoyi uku. Hukumar USA Ultimate tana sa masu sa ido a manyan gasanninta: su ke yanke hukuncin ciki ko waje kai tsaye, amma a laifin jiki sai 'yan wasa sun kasa sasantawa suke tsoma baki. Hukumar duniya, WFDF, ta kawo masu ba da shawara a gasar kulob-kulob ta 2014 a Lecco ta ƙasar Italiya, waɗanda ke faɗin abin da suka gani amma su bar wa 'yan wasa hukunci. Gasar ƙwararru ta AUDL da aka fara a 2012, wadda yanzu ake kira UFA, cikakkun alƙalai take amfani da su. Dukkansu sun yarda cewa ana buƙatar idon wanda ba ya cikin karawar, a kan girman ikonsa kawai suka rabu.

Masu adawa suna cewa da zarar an kawo jami'i, ɗan wasa zai sauke nauyin gaskiya daga wuyansa ya koma neman abin da zai kuɓuta da shi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa bai dace a miƙa wa mai kula da layi hukuncin laifin jiki ba. Amma ba a kare amanar mutum ta hanyar tilasta masa shaidar abin da bai gani ba. Yin hakan ma shi ke haifar da zargi tsakanin ƙungiyoyi. Wasu kuma na cewa ƙananan kulob ba su da kuɗin ɗaukar jami'ai. Gaskiya ne, kuma wasan unguwa ba ya buƙatarsu. Inda kofi ko gurbin gasar duniya ya rataya a kan taku ɗaya, nan ne ya kamata a tsayar da mutum a bakin layi, a bar wa 'yan wasa sauran hukuncin.