Daga Inna Doguwa zuwa Amaterasu: sawun tsoffin iskoki mata a rayuwar yau

Matafiyin da ya bar Kano ya bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, ya san Doguwa a matsayin ƙaramar hukuma mai hedkwata a Riruwai. Amma a bakin tsofaffin Maguzawa da ke zaune a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada, kalmar tana da wata ma'ana dabam. Doguwa laƙabi ne na Inna, babbar iska mace a tsohon addinin Hausawa, wadda ake sakaya sunanta saboda tsoro.

Masu bori sun ɗauke ta Bafilatana, ma'abociyar nono da shanu, matar Sarkin Aljan Sulemanu a birnin iskoki na Jangare, kamar yadda Fremont Besmer ya rubuta a 1983 bayan bincikensa a Kano. Fuska biyu gare ta: akwai Farar Doguwa ta gida, akwai Baƙar Doguwa ta daji. Ita ake roƙo albarkar gona da tsaron dukiya, ita kuma ake zargi idan hannu ko ƙafa ta shanye.

A nan ne labarin ya daina zama na masana tarihi kawai. Har gobe sunan cutar foliyo a Hausa shi ne shan inna, wato Inna ce ta shanye gaɓar yaro. Uwar da ta gaji wannan fassara ba asibiti za ta fara nufa ba, domin a ganinta ba a kai ƙarar iska wurin likita. Lokacin da aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano a 2003, kafin a dawo da shi a 2004, babbar hujjar ita ce zargin gurɓata maganin, amma tsohuwar fahimtar ta taimaka wa shakkun samun wurin zama. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, sunan kuwa yana nan daram.

Japan ta bi wata hanya da nata gadon. Littafin Kojiki na shekarar 712 ya kawo labarin Amaterasu, wadda Japanawa suka ɗauka allahiyar rana. Ta yi fushi da ɗan'uwanta Susano'o, ta shige kogo, duniya ta yi duhu. Wata mai suna Ame-no-Uzume ce ta kifa wani mazubi, ta hau kansa tana rawa tana buga ƙafa har taron ya ɓarke da dariya. Amaterasu ta leƙo don ta ga abin da ake ciki, aka jawo ta waje. Daga wannan rawa Japanawa ke danganta asalin kagura, wasan da har yanzu ake yi a wuraren ibadar Shinto. Gidan sarautarsu yana jingina nasabarsa ga Amaterasu, ana sake gina ɗakin bautarta na Ise duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013. Kamfanin Capcom ma ya mai da ita farin kyarkeci a wasan kwamfuta na Okami a 2006.

Bahaushen da ya ji zancen kifaffen mazubi zai tuna da ƙwarya. Garaya da goge na maza ne a fagen bori. A cikin gida kuwa mata ƙwarya suke kifawa su kaɗa. Daga wannan kiɗa amada ta tsiro, ta bar kiran iskoki ta koma nishaɗin biki da suna, har ta fito da irin su Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Mafi yawan masu rawar amada a yau ba su taɓa tunanin tushenta ba, kuma ba su da wata alaƙa da bori.

Bambancin a fili yake. Shinto bai gamu da addinin da ya kawar da shi ba, ƙasar Hausa kuwa ta karɓi tauhidi, kuma jihadin 1804 ya yaƙi bori kai tsaye. Sai dai yadda Nana Asma'u ta tunkari lamarin ya cancanci nazari. A Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, mai shugabantar masu bori, tana sanya malfa. Da Asma'u ta kafa 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara, sai ta ɗora wa jagororinsu, wato jajis, irin wannan malfa. Ta gane cewa matan da suka saba kai kukansu wurin Inna suna bukatar wata mace mai martaba da za ta saurare su, sai ta aika musu malama.

Sarautar Inna ba ta mutu ba a Tsibiri, kusa da Maraɗi. A Tunis ma, inda Tremearne ya tarar da Hausawa suna ambaton Doguwa kafin littafinsa na 1914, kiɗan stambali ya kai ga hawa dandalin bukukuwan al'adu. A kudancin Kano kuwa, jikokin Maguzawa sun zama Musulmi ko Kirista, kuma tsofaffin da suka san kirarin Inna da ma'anarsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.