NABTEB Ko WAEC: Wacce Ke Kai Yaro Jami'a?

Iyaye da yawa sun ɗauka yaron da ya shiga kwalejin koyon sana'a ya yi bankwana da jami'a. Ba haka ba ne. JAMB na karɓar sakamakon NABTEB, jarrabawar da ɗaliban irin wannan kwaleji ke rubutawa, kamar yadda take karɓar na WAEC da NECO, muddin akwai kiredit 5 har da Turanci da Lissafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne darussan da yaro ya zauna wa. Mai burin likitanci sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Iya walda, komai ƙwarewa, ba ta cike gurbinsu. Wanda kuma ya bi ta foliteknik ya fito da difloma mai kyau na iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.