Ko Ka San Dafin Kububuwa Na Taimakon Mata Masu Yawan Ɓari?

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri da Kirikasamma, ya san kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, launinta ya saje da busasshiyar ƙasa. In ta ji motsi sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta yana wani irin ƙara na kashedi. Wanda ta sara, dasashinsa ya dinga tsatsar jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Dafinta na tayar da sinadaran daskarar da jini ne a duk jiki lokaci guda har su ƙare ƙaf, jini ya koma tsululu. A shekarun 1970, Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yaɗa wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin mutum kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, sannan a karkata ta. In ya zubo, dafi ya ratsa, sai a hanzarta da allurar kashe dafi.

To akwai wata cuta da ke akasin wannan, jini ya riƙa yin guda inda bai kamata ba. Garkuwar jiki na ƙera sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, amma a jikin wasu mutane sai ta yi ɓatan kai ta ƙera waɗanda ke far wa nata. Cikinsu akwai masu suna antifosfolifid. Fosfolifid wani irin maiƙo ne da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta, kuma a kansa ne aikin daskarewar jini ke gudana. A 1990 aka gano cewa sinadaran da ke manne da maiƙon ne sojojin suka fi kamawa. Da sun kama, sai bangon jijiya ya harzuƙa, gudan jini ya toshe hanya: ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ko matashi ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai ciki kuwa mabiyiya ce ke shan wahala. Sai ɓari a kai a kai, ko ɗa ya koma bayan ya fara motsi, ko hawan jini da jijjiga tun ciki bai kai ba. Dakta Graham Hughes ne ya haɗa waɗannan alamomi wuri guda a Landan a 1983. Wani lokaci cutar na tafe da wata cutar garkuwar jiki mai suna lufus, wani lokaci ita kaɗai take zuwa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, tun 1952 da aka fara lura da shi, shi ne jinin da ke saurin yin guda a jiki nawa yake yi a kwalbar gwaji, don sojojin sun tare ɗan maiƙon da aka zuba masa. A nan maciji ya shigo. Ana tsarma dafin wani maciji na Indiya, dangin kasa da kububuwa, a ɗiga a ruwan jinin mara lafiya, a duba agogo. In ya yi jinkiri sai a ƙara maiƙon da yawa. In ya dawo daidai, an kama ɓarawo. Daga dafin wata 'yar'uwar kububuwarmu kuma ake ciro sinadarin ekarin, wanda ba ya buƙatar maiƙon sam. Sojojin ba sa iya rage masa gudu, don haka ake gwama sakamakonsa da na dafin macijin taifan na Ostireliya, musamman ga wanda ya riga ya fara shan warfarin, maganin hana jini yin guda.

Gwaji ɗaya bai isa ba, kuma wannan ya shafi mutanen fadama ƙwarai. Zazzaɓin cizon sauro da tunjere da kuturta duk suna iya tayar da irin waɗannan sojoji, sau da yawa na ɗan lokaci. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a maimaita bayan mako 12.

Yawancin ɓari ba wannan ne sanadinsa ba. Amma yana yi mini ciwo in ga macen da ta yi ɓari uku a jere ana ɗora wa iska ko kishiya laifi, tana ta shan jiƙe-jiƙe, ba wanda ya ce a auna jininta. Hakkinta ne a tura ta babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wurin likitan mata da na jini. In an tabbatar, magani sananne ne: ƙaramin asfirin kullum da allurar hefarin a ƙarƙashin fata, bisa kulawar likita, kuma da haka mafi yawan matan ke sauka da ɗa mai rai. Warfarin na iya lahanta ɗan tayi, ana kauce masa ga mai ciki. Haɗarin gudan jini ba ya ƙarewa ranar haihuwa, don haka ake ci gaba da allurar har mako 6, wato har jim kaɗan bayan mai jego ta yi arba'in.