Shin Ko Kun San? Tsibirin Lamu a Zamanin Jiragen Katako

Shin ko kun san cewa a gaɓar tekun Kenya, can kusa da iyakar Somaliya, akwai tsibirin da har cikin shekarun 1950 iska ce ke tsara wa mutanensa shekara? Ita ke faɗa musu lokacin da kasuwa za ta ci, da lokacin da maigida zai bar gida, da lokacin da za a fara duban hanyarsa. Sunan tsibirin Lamu, kimanin kilomita 240 arewa maso gabas da Mombasa. Mutanensa Musulmi ne masu magana da Sawahili, da wani karin harshe nasu da suke kira Kiamu.

Iskar kuwa iri biyu ce, kowace da sunanta. Daga wajen Disamba zuwa Maris, kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ta koro jiragen Larabawa da na Indiyawa zuwa Afirka. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, ta taso daga kudu ta mayar da su gida. Nahodha, wato shugaban jirgi, in ya yi nawa har kusi ta yi ƙarfi a watan Yuni da Yuli, to ya zauna ke nan. Sai ya jira ta lafa wajen Agusta ko Satumba, yana ciyar da mutanensa a garin da ba nasa ba. Tafiya ɗaya da dawowa ɗaya, shekara ta ƙare.

Shin ko kun san cewa saboda wannan, matuƙan gaɓar suna da lissafin kwanaki nasu daban? Da watan Musulunci suke azumi da salla, amma wata yana zagayawa, iska kuwa rana take bi. Don haka suka riƙe wata shekarar rana mai tushe a Farisa, Nairuzi, suna ƙirga kwanakinta ɗaya bayan ɗaya don sanin ranar da ya kamata a ɗaga anga.

Shin ko kun san cewa Turawa suna da suna guda ɗaya da suke yi wa duk jiragen katakon Tekun Indiya, amma masu jiragen ba sa amfani da shi haka? Su kowane jirgi da sunansa, kamar yadda makiyayi ba ya ce wa bunaji da rahaji "saniya" kawai. Bum na Kuwait ne da gaɓar Iran, mai tsini gaba da baya, da dogon hanci da ya miƙe sama. Sambuk na kudancin ƙasar Larabawa ne. Kotiya daga Indiya take zuwa. Na mutanen Lamu shi ne jahazi, ana gane shi tun daga nesa da goshinsa da ke tsaye cak, da tabarmar kaba da ake ɗaurawa a gefunansa don ta tare feshin ruwa kada ya jiƙa kaya. Ƙaninsa shi ne mashua, na kamun kifi da jigilar mutane tsakanin tsibirai. Dukansu da zane mai kusurwa uku suke kama iska, an ɗaure shi a jikin wata doguwar sanda da ke rataye a karkace a kan jigon jirgin. Tsawon sandar nan yakan kai tsawon jirgin kansa, kuma duk lokacin da za a sauya gefe sai majiya ƙarfi sun taru sun zagayo da ita ta gaban jigon, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya.

Shin ko kun san cewa jahazi yana da ido? A kowane gefe na goshinsa ana kafa wani faifan katako da aka sassaƙa, galibi da jinjirin wata da tauraro, ana ce masa jicho, wato ido.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Kafin jahazi ya mamaye gaɓar, mutanen waɗannan tsibirai suna da jirgin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Sunansa mtepe. Ɗinka shi ake yi. A huda gefen katako, a zura igiyar da aka tufka da zaren ɓawon kwakwa, a ɗaure wannan da wancan, a cusa 'yan turaku a ramukan. Zanensa ma tabarma ce mai kusurwa huɗu. Yana yoyo, dole kullum wani na kwarfe ruwa, amma in ya hau kan rairayi ko dutse sai ya lanƙwasa ya ba da kai, inda jirgin ƙusa zai tsage. Na ƙarshensu sun ɓace a shekarun 1930, don haka dattawan da ke zaune a bakin ruwan Lamu a 1950, da yawansu sun ga mtepe da idonsu, wasu ma a cikinsa suka koyi sana'a.

Shin ko kun san cewa masassaƙin jirgi a ƙauyen Matondoni, a yammacin tsibirin, ba ya zana komai a takarda? Fundi ake ce masa. Kayan aikinsa gizago ne da zarto da kurfi, da wani abin huda katako da ake juyawa da baka da tsirkiya, da igiyar da ake tsomawa a shuni a ɗana a kan itace ta bar layi. Haƙarƙarin jirgi ba tanƙwara shi yake yi ba. Daji ake shiga a nemo reshen da Allah Ya halitta da irin lanƙwasar da ake so. In an gama jera katako, sai a zauna da guduma ana cusa audugar da aka jiƙa da man kwakwa a kowace tsaga, taku bayan taku. Ƙasan jirgin, inda ke nutse a ruwa, a shafe shi da farar ƙasa da aka kwaɓa da kitse, saboda tsutsar teku mai cin katako. Samansa kuma a shafe da man hantar kifin shak. Wanda ya taɓa shiga tashar jiragen nan ya ce warin man nan ne ke fara yi wa baƙo maraba. Ina ganin mutumin da zai riƙe siffar jirgi sukutum a kansa, ya fitar da ita da gizago, ta ɗauki kaya ta ƙetare teku ta dawo, malami ne cikakke, ko da bai taɓa zama a aji ba.

To a wancan zamani me ke kawo manyan jiragen Larabawa tun daga Tekun Fasha? Sukan zo da dabinon Basara, da gishiri, da busasshen kifi, da darduma, da akwatunan katako masu adon tagulla. Abin da suke komawa da shi kuwa itace ne.

Shin ko kun san cewa rufin tsofaffin gidajen Kuwait a cikin taɓon Afirka ya tsiro? Gaɓar Lamu cike take da mikoko, itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Sandunansu miƙaƙƙu ne, masu nauyi, gara ba ta cika damunsu ba. Ƙasashen Tekun Fasha kuwa ba su da dajin da za su sari abin rufi. Aikin da azara ke yi a soron Kano ko Zariya, shi sandan nan ke yi a can. Sawahili na ce masa boriti, mutanen Kuwait na ce masa chandal. Ana ware shi bisa kauri: fito ne sirara, sai pau, sai mazio, sai boriti. Ba a sayar da shi ɗai-ɗai, sai a korja, kowace korja sanda 20. A wancan zamani, a lokacin kaskazi bakin ruwan Lamu yakan cika da tulinsa, an jera shi yana jiran awo da hatimin ma'aikatan gandun daji na gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke karɓar kuɗinta a kan abin da aka sara.

Masu saran kuwa su ne suka fi kowa shan wuya, suka fi kowa samun kaɗan. Yawancinsu Bajuni ne, mutanen tsibiran arewa da ƙauyukan gaɓa. Mutum ya shiga taɓo har gwiwa, wani wuri har ƙugu, ƙafa ba takalmi, ɓawon kawa yana yanka shi, sauro ya rufe shi. Ya sare sanda, ya saɓo ta a kafaɗa zuwa kwalekwale, kuma dole ya gama kafin teku ta janye ta bar shi a kan laka. Duk wanda ya yaba kyan rufin wani tsohon gida a Kuwait ko Maskat, ya kamata ya san kafaɗar da ta ɗauko shi.

Shin ko kun san cewa sandan nan shi ya yanke faɗin ɗakunan Lamu? Tunda boriti ba ya jure nauyin rufin dutse in tazara ta yi yawa, ɗaki ba ya cika wuce mita 3 a faɗi. Sai magina suka rama a tsawo. Gidan mai hali jerin dogayen ɗakuna ne sirara, ɗaya a bayan ɗaya, kowane ya ɗan fi na gabansa tudu da duhu da sirri, an gina su da dutsen murjani da farar ƙasa, an yi wa bangon ciki ado da 'yan tagogin ajiye tangaran. A makewayi akwai kwatarniyar gini ta ruwa, a cikinta ana sakin 'yan ƙananan kifaye su cinye ƙwayayen sauro.

Lungunan garin kuwa, wani wurin jaki mai kaya da mutum ba sa wucewa tare sai ɗaya ya raɓe. Shi ya sa mota ba ta samu gurbi ba. Jaki ke ɗaukar yashi da dutse da kwakwa, jirgi ke ɗaukar sauran. Ko zuwa tsibirin Pate da ke maƙwabtaka sai an tambayi teku, don mashigin Mkanda da ake bi, a wancan zamani sai ruwa ya ciko yake ɗaukar jirgi.

Shin ko kun san cewa a wancan zamani ɗan jirgi ba shi da albashi? Kaso yake ci. In tafiya ta ƙare a cire kuɗin abinci, mai jirgi ya ɗauki rabonsa, galibi rabi, sauran a raba wa ma'aikata, nahodha da manyan mataimakansa su sami ƙari. Shi ya sa kowa ke da ɗan akwatinsa na fatauci, ya sayi turare ko zane a wannan tasha ya sayar a waccan. A kan kaya ake kwana, a fili. Murhu akwati ne da aka cika da yashi. Makewayi wani ɗan keji ne da ke rataye a bayan jirgi, teku a ƙarƙashinsa. Wani matuƙi ɗan Ostireliya, Alan Villiers, ya ga wannan rayuwa da idonsa: ya shiga wani bum na Kuwait a Adan a ƙarshen 1938, ya bi shi har Zanzibar da bakin kogin Rufiji inda aka yi lodin boriti, ya isa Kuwait a 1939. Littafinsa Sons of Sinbad ya fito a 1940. Bayansa wani masani ɗan Holan, A. H. J. Prins, ya zauna da matuƙan Lamu a shekarun 1950, ya fitar da Sailing from Lamu a 1965.

Shin ko kun san cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa waɗannan jirage kasuwa? An kwashe jiragen ƙarfe zuwa aikin yaƙi, sai kaya suka koma kan na katako.

Shin ko kun san cewa a zamanin mulkin mallaka, a takarda, Lamu ba ta cikin ƙasar da Ingila ta mallaka kai tsaye? Ita da zirin gaɓa mai faɗin mil 10 suna ƙarƙashin sarautar Sarkin Zanzibar ne, Turawa na riƙe da su da sunan kariya, har zuwa 1963 da aka haɗe su da Kenya mai 'yanci. A zamanin Turawan ne tsohon sansanin tsaron da ke tsakiyar garin, wanda aka kammala wajen 1821, ya zama gidan yari, tun 1910 har 1984.

Ba a rufe zancen Lamu ba a ambaci Maulidi ba. Habib Swaleh, sharifi ɗan asalin Hadramaut da ya zo daga tsibiran Komoros, shi ya kafa masallacin Riyadha da makarantarsa. Ya jawo masu hawan kwakwa da 'yantattun bayi, mutanen da manyan gari ba sa zama da su, ya zaunar da su a sahu ɗaya, ya shigo da bege da bugun bandiri cikin masallaci duk da surutun da aka yi masa. Ya rasu a 1935, amma taron bai mutu ba. A ƙarshen watan Rabi'ul Awwal jirage kan cika bakin ruwa da baƙi daga Pate da Faza da Mombasa da Zanzibar da gaɓar Somaliya. A wannan gari ne kuma Muhammad Kijumwa ya rayu har 1945, mawaƙi, masassaƙin ƙofofi, marubucin da ya kwafe tsofaffin waƙoƙin Sawahili da haruffan Larabci, irin abin da mu muke kira ajami.

Shin ko kun san abin da ya karya wannan ciniki? Man fetur. Kuwait ta fara fitar da ɗanyen mai a 1946. Cikin 'yan shekaru matuƙanta suka sami aikin albashi a tudu, siminti da rodi suka maye gurbin chandal, waɗanda suka rage a teku suka sa wa jiragensu inji. Rikicin da ake kira na Shifta, wanda ya ɓarke a 1963, ya kori Bajuni da yawa daga ƙauyukansu na gaɓa zuwa Lamu da Malindi da Mombasa. Juyin juya halin Zanzibar na Janairun 1964 ya sa jiragen Larabawa suka ɗauke ƙafa daga babbar tasharsu. A 1982 gwamnatin Kenya ta hana fitar da boriti waje saboda dajin ya fara ƙarewa.

A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya, kuma har yau ana jin gizago a Matondoni. A Kuwait an adana bum ɗaya daga zamanin kafin mai, Fatahul Khair, wanda aka sassaƙa a 1938, yana nan a bakin teku mutane na zuwa kallo. A 'yan tsofaffin gidajen da suka tsira a birnin kuma, in ka ɗaga kai, za ka ga baƙaƙen sanduna a jere suna riƙe da rufi.