Tallafin Jirgin Ƙasa: Darasin da Gyaɗar Damagaram ta Bar Mana

Tun daga watan Fabrairu na 2021, sa'ad da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zancen jirgin ƙasa ya sake tashi a majalisun hira na ƙasarmu. Waɗansu na cewa arziki ya ƙaraso. Waɗansu kuwa na tambaya: wa zai biya? Tambayar tana bisa hanya, domin da wuya a sami layin dogo a duniya wanda bai ci kuɗin baitulmali ba, ko wajen shimfiɗa shi, ko wajen riƙe shi. To, wannan tallafi riba ne ga ƙasa mai tasowa, ko kuwa nauyi ne a wuyan mai biyan haraji?

Masu karatu, ba sai mun je nesa neman amsa ba. Manomin Gafati, cikin gundumar Mirya, dab da birnin Damagaram, bai taɓa ganin jirgi ya ratsa gonarsa ba. Duk da haka, shekaru da dama farashin abin da yake nomawa yana rataye ne da layukan dogo biyu na ƙasashen maƙwabta, wato na Kano da na Paraku. Dukansu da kuɗin hukuma aka yi su, amma amfanin da suka haifar ya sha bamban.

Yadda jirgin Kano ya juya fuskar Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, Damagaram arewa take kallo. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Gat da Agadas, su yada zango a nan kafin su zarce Kano, su koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga bakin teku, a 1912 aka buɗe shi ga ƴan kasuwa. Hajar da take yin watanni a bayan raƙumi sai ga ta tana isowa cikin makonni ta Ikko, wato Legas. Ba a yi shekaru da yawa ba fataucin Sahara ya durƙushe, Damagaram ta juya ta fuskanci kudu.

Gwamnatin Ingila ce ta shimfiɗa wannan layi, da niyyar ya kwaso auduga zuwa masaƙunta. Manoma da fataken Kano kuwa suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka duƙufa a kanta. Daga nan ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. A 1929 reshe ya kai Ƙaura Namoda, a 1930 wani ya kai Nguru. Noman gyaɗa ya haura iyaka, ya bazu a ƙasar Magariya da Kance da Mirya. Ana ɗaukarta a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, zuwa tashar jirgi. Da kuɗinta talaka ya riƙa biyan haraji, ya sayi tufa, ya yi aure.

Abin lura a nan shi ne, jirgi ya tarar da jama'a masu yawa, da ƙasar noma, da ƴan kasuwa da suka san kan ciniki. Da ya rage tsadar sufuri, sai kayan ɗauka suka ɓullo fiye da yadda masu shi suka zata. Kuɗin da hukuma ta zuba ya komo mata ta hanyar ladan ɗauka da kuɗin fito. Sai dai kada a manta, layin an tsara shi ne don fitar da ɗanyen kaya zuwa Turai, ya kuma ɗaure manomi ga amfanin gona guda, wanda a waje ake yanke farashinsa.

Hanyar tsattsewa

Faransawa ba su ji daɗin ganin gyaɗar Nijar tana bin hanyar Ingilishi ba, ana biyan ladan ɗaukarta da fam. Ga shi kuma suna da nasu layi a Dahome, mai tsawon kilomita 438, wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, yana kukan rashin kaya. Saboda haka a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri da suka raɗa wa suna Hirondelle, wato tsattsewa. Motar da ta hauro da haja daga Paraku ba za ta koma fanko ba, sai ta yi lodin gyaɗa. Jirgi kuma ya ƙarasa da ita bakin teku. Da yake hanyar ta fi ta Najeriya tsada, hukuma ce take cike giɓin. A 1958 aka buɗe gadar Gaya da Malanbil, a 1959 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975.

Tallafi bai iya rage nisa ba. Daga Damagaram zuwa Paraku tafiyar wajen kilomita 1,200 ce a mota, alhali Kano ba ta wuce wajen kilomita 240 ba. Don haka mafi yawan gyaɗar gabas ba ta bar hanyar Kano ba, har a zamanin kamfanin SONARA da aka kafa a 1962. Ke nan manomin Gafati, a matsayinsa na mai biyan haraji da mai sayen haja, ya sa hannu cikin riƙe hanyar da buhunsa bai cika bi ba.

Amma kuskure ne a ce kuɗin ya tafi a banza. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, idan ƙofarta ɗaya ce, ranar da aka rufe ta sai ta shaƙe. Yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970 ya yanke layin Fatakwal. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020. Bayan fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan noma, hanyar Paraku ce ta ɗauki yuraniyom na Arlit, wanda aka soma haƙowa a 1971. Abin da tallafin ya saya wa Nijar shi ne ƙofa ta biyu. Wannan sayayya tana da daraja, muddin an san farashinta, an kuma faɗa wa jama'a gaskiyarsa.

Lissafin da ke ƙarƙashin dogo

Jirgin ƙasa yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da mota. Mafi yawan kuɗinsa ana kashe su ne kafin ya ɗauki buhu ko ɗaya: share hanya, gadoji, ƙarafa, tashoshi. Bayan haka akwai gyara da albashi, waɗanda dole ne a biya ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Idan kaya sun yi yawa, wannan nauyi yakan rabu a kan tan dubbai, ɗaukar kowane tan ta yi araha, har jirgi guda ya ɗauke kayan manyan motoci talatin, ya kuma hutar da kwalta. Idan kaya sun yi kaɗan, nauyin yana nan daram, sai baitulmali ya ɗauka kowace shekara. Saboda haka tallafi iri biyu ne. Akwai na gini, wanda ake bayarwa sau ɗaya, kamar yadda ake gina gada ko madatsar ruwa. Akwai kuma na cike giɓi, wanda ba ya ƙarewa, yana cin rabon makaranta da asibiti da rijiya.

Mun ga misalin layi marar kaya a gida. Daga 2014 zuwa 2016 kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso. Shari'a a kotunan Benin kan wanda ke da izinin aikin ta hana a haɗa shi da Paraku. Layin da bai kai teku ba, bai kuma kai wata mahaƙa ba, babu ɗan kasuwar da zai sauke kaya daga mota don ya hau shi.

A gabashin Afirka ma haka lissafin yake. Layin TAZARA, mai tsawon kilomita 1,860, wanda ƙasar Sin ta gina da bashi marar ruwa aka gama a 1975, ya ba Zambiya mafita zuwa Darussalam a lokacin da Turawan Rodeshiya ke riƙe da hanyar kudu. Da hanyoyin kudu suka buɗe, kaya suka ragu, layin ya daɗe yana rayuwa da agaji. Kenya ta buɗe sabon layi daga Mombasa zuwa Nairobi a 2017 da bashi mai nauyi, har ta tilasta wa masu shigo da kaya bin jirgi, kafin a janye umarnin a 2022. Duk layin da sai an tilasta wa ɗan kasuwa hawansa, lissafinsa yana da gyara.

Abin da ya shafi Gafati

Layin Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 ne, kwangilarsa kusan miliyan 2,000 na dalar Amurka, gwamnatin Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa. An zana shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga mutumin Gafati, Daura ta fi Maraɗi kusa. Ke nan ribarsa tana ga hanyar da za ta kai buhun wakensa da ridinsa da dabbarsa zuwa tasha ba tare da mota ta kafe a yashi ba, da kuma sauƙin ƙetare iyaka. Akwai abin ɗauka a jiharmu, ga kuma man matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. Akwai taki da siminti da muke bukata daga kudu. Sai dai wajibi ne a auna su da sikeli kafin a ci bashi a kansu. A kuma lura da faɗin layi: na Benin mita 1 ne, tsohon na Najeriya mita 1.067, sabon kuwa mita 1.435. Jirgin wannan ba ya hawan wancan, kuma kowane sauke-da-ɗora kuɗi ne.

Don haka, duk ranar da aka kawo wa ƙasarmu shawarar tallafa wa layin dogo, ya kamata wakilan jama'a su nemi amsar tambaya uku. Tan nawa zai ɗauka a shekara, kuma na wane kaya? Tallafin na gini ne da zai ƙare, ko na cike giɓi ne da za a gadar wa jikoki? An ware wa hanyoyin karkara rabonsu, domin manomi ya isa tasha? Idan an sami gamsasshiyar amsa, tallafin jari ne, kamar yadda layin Kano ya nuna. Idan an rasa, to, icen da ba ya ƴaƴa ne za a yi ta yi wa ban ruwa da gumin talaka.

Allah ya ba shugabanni basirar auna kaya kafin ɗauka, ya kuma ba mu damina mai albarka.