Kiwon Kare don Gadin Gida, Garke da Gona: Shawarwari ga Manoman Yankin Potiskum

Gabatarwa

Ya kai manomi, idan kana zaune a Potiskum ko a ƙauyukan ƙananan hukumomin Nangere, Fika da Fune, ka san da wuya a sami ruga ko gidan gona da babu kare. Makiyayi yana ajiye shi domin ya sanar da shi zuwan ɓarawo ko dila cikin dare. Manomi yana ajiye shi domin korar birai daga gona, mafarauci kuma da shi yake shiga daji da rani. Malaman addini sun yi bayanin cewa shari'a ta halatta ajiye kare saboda farauta da gadin dabbobi da gadin gona.

Duk da wannan amfani, mutane da yawa ba su ɗauki kare a matsayin dabbar kiwo ba. Ana yi wa saniya allura, a tanadar wa tunkiya dusa da harawa, amma kare sai a sake shi ya nemi abincinsa a bola da kwata. Karen da ke yawo haka shi ne ke kwaso cuta ya kawo ta cikin garke da cikin iyali. Idan ka yanke shawarar ajiye kare, to ka ɗauki nauyin abincinsa da makwancinsa da rigakafinsa kamar sauran dabbobinka. Wannan maƙala za ta nuna maka yadda za ka yi hakan da abin da ke hannunka.

Zaɓen Kwikwiyo

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63. Ana haihuwar kwiyakwiyai idanunsu a rufe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 suke buɗewa. Nonon farko da suke sha a kwana ɗaya zuwa biyu na farko shi ne ke ba su kariya daga cututtuka kafin lokacin allura ya yi. Saboda haka kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka ɗauke da wuri yakan taso da rauni, ko tsoro, ko yawan cizo.

Ka je da kanka ka ga uwar. Idan mai lafiya ce kuma ba ta faɗa ba gaira ba dalili, ana sa ran 'ya'yanta su gaje ta. Ka zaɓi kwikwiyo mai kuzari, wanda idanunsa da hancinsa ba sa zubar da ruwa, gashinsa bai zube ba, kuma ƙarƙashin wutsiyarsa babu alamar zawo. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi: ja-ja shi ne na lafiya, fari kuwa alamar ƙarancin jini ce. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu galibi tsutsar ciki ce ta cika shi.

Karen gida na ƙasarmu ya fi jure zafin Yobe da kaska a kan irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma ciyar da shi ya fi sauƙi. Ga manomi da makiyayi, shi ne ya fi dacewa.

Ciyarwa

Kwikwiyo yana fara lasar abinci tun yana mako 3 zuwa 4. A wannan lokaci ka ba shi kunu mai kauri na gero ko masara, wanda aka haɗa da dakakken busasshen kifi ko dafaffen ƙwai. Daga wata 2 zuwa 3 ka ciyar da shi sau 4 a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau 3, bayan haka sau 2 ya isa. Ka tsayar da lokaci da wuri guda, domin karen da ya san lokacin abincinsa ba ya nisa da gida.

Ragowar tuwo kaɗai ba ta gina jikin kare. Kwikwiyo yana buƙatar abinci mai gina jiki kimanin kashi 22 cikin 100 na abin da yake ci, babban kare kuma kashi 18. Hanya mai sauƙi ita ce ka haɗa kashi 2 na dafaffen hatsi da kashi 1 na dafaffen nama, ko kayan ciki, ko kifi, ko wake ko waken suya da aka dafa ya nuna sosai. Ka zuba ɗan man gyaɗa ko manja kaɗan. Ƙananan busassun kifi da aka daka tare da ƙashinsu suna taimakawa wajen ƙarfin ƙashin kwikwiyo. Karya mai shayarwa kuwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba.

Ga abubuwan da za ka nisanta daga kare:

1. Ɗanyen kayan ciki da kan dabba da mushe.
2. Dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji.
3. Abinci mai yawan albasa, tafarnuwa, barkono ko gishiri. Albasa da tafarnuwa suna lalata ƙwayoyin jininsa.
4. Masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da suka yi fumfuna. Gubar da ke cikinsu, wato afulatoksin, tana lalata hanta har ta kashe kare.
5. Ɗanyar madarar shanu mai yawa, domin tana sa zawo. Kindirmo kaɗan ya fi masa sauƙi.

Dole ne ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana. Kare mai nauyin kilo 15 yana shan kusan lita 1 a rana, da bazara kuma fiye da haka. Ka ware masa kwanon ci da na sha, kada a haɗa su da na mutanen gida.

Dalilin Hana Ɗanyen Kayan Ciki

Wannan batu ya shafi Potiskum ƙwarai, domin garin yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, kuma ana yanka dabbobi da yawa kowace rana. Mahauci yakan tarar da ƙululai masu ruwa a hanta ko huhun tunkiya, saniya ko raƙumi, sai ya yanke wurin ya jefa wa kare. Waɗannan ƙululai 'ya'yan wata tsutsa ce. Idan kare ya ci su, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwanta su riƙa fita cikin kashinsa su zube a kan ciyawa da bakin ruwa. Dabbar da ta ci ciyawar sai ta kamu. Mutum ma, musamman yaron da ke wasa da kare bai wanke hannu ba, yana iya kamuwa, ƙululan su fito masa a hanta, wani lokaci sai an yi masa tiyata.

Akwai wata tsutsar kuma da ƙullunta ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya ko akuya, ta sa dabbar ta riƙa karkata kai tana zagaya wuri guda har ta mutu. Kare yana ɗaukar ta ne idan ya ci ɗanyen kan irin wannan dabba. Hanyar katse yaɗuwar duka biyun ɗaya ce: ka dafa duk abin da za ka ba kare ya nuna, ka binne ko ka ƙona naman da ya lalace, sannan ka riƙa ba kare maganin tsutsa a kan kari.

Makwanci

Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, ta hanyar haki yake rage zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin yankin nan yakan haura digiri 40, don haka inuwa ita ce buƙatarsa ta farko. Ka yi masa ɗaki a gindin bishiyar dogon yaro ko ƙarƙashin rumfa, daura da garke ko ƙofar gida, nesa da madafa da rijiya da wurin salla. Ga matsakaicin kare, ɗaki mai faɗin mita 1, tsawon mita 1 da rabi, da tsayin mita 1 ya wadatar. Ginin laka da rufin ciyawa ya fi sanyi. Idan da langa-langa ka rufa, ka shimfiɗa zana ko karan dawa a samansa.

Ka ɗaga daɓen kamar taƙi ɗaya daga ƙasa saboda ruwan damina. Ka liƙe duk tsagar bango, domin a nan kaskar kare take ɓuya ta yi ƙwai. Da hunturu ka toshe ɓangaren da iskar arewa maso gabas ke shigowa, ka shimfiɗa buhun algarara ko busasshiyar ciyawa, musamman ga kwiyakwiyai, waɗanda sanyi ke saurin kashewa a makonni 3 na farko. A kwashe kashi kullum a binne. Kada a zuba shi cikin takin lambu.

Ɗaure kare da gajeriyar sarƙa dare da rana yana mayar da shi mafaɗaci. Ka kewaye masa fili, ko ka ɗaure shi da doguwar igiya da rana a inuwa, ka sake shi cikin gida ko garke da dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ka saba wa kwikwiyo da tumaki da kaji da mutanen gida tun kafin ya cika wata 3, ka koya masa amsa kira da abinci, ba da duka ba. Idan ba ka buƙatar haihuwa, likitan dabbobi zai iya dandaƙe namiji ko ya yi wa macen aiki, hakan kuma yana rage yawo.

Rigakafi da Magani

Ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya cika wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Ka nemi wanda ke kashe tsutsa mai faɗi kamar zare da sauran tsutsotsi gaba ɗaya. Allurar cututtukan kwiyakwiyai, irin su fabo mai sa amai da zawon jini da kuma distemfa, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ga kaska da ƙuma da ƙazuwa, ka yi amfani da maganin da likitan dabbobi ya ba ka. Kada ka wanke kare da maganin feshin gona ko baƙin mai, kuma kada ka ba shi magungunan ciwon jiki na mutane.

Allurar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta haukan kare. Ana yin ta idan kwikwiyo ya cika wata 3, a sabunta duk shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu ta hanyar kare suka kamu. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa. Tun 2007 ake tunawa da ita kowace ranar 28 ga Satumba, kuma burin da aka sa shi ne a kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya nan da 2030.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar domin a fara masa allura. Shafa gashin karen a miki ko jiƙe-jiƙe ba sa hana cutar, kuma da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tsira. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, a kuma sanar da likitan dabbobi. Idan dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kansa, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Shanu ma suna kamuwa. Saniyar da ke yawan kuka da dalalar miyau ta kasa haɗiya, kada ka sa hannu a bakinta kana neman abin da ya maƙale, kira likita.

Ɗaukar Kare a Tafiya

Cututtuka suna bin hanyar mota. Potiskum mahaɗa ce ta hanyoyin Kano, Bauchi, Gombe, Gashuwa da Damaturu, kuma fatake suna bin ƙauyukan arewa suna sayen karnuka su kai kasuwanni irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato. Saboda haka kada ka karɓi karen da ba ka san asalinsa ba, kuma kada ka sayar da wanda ya canza hali ko ya ciji wani.

Idan tafiya ta kama, ko ta kusa ce kamar Damaturu mai nisan kimanin kilomita 100, ko ta nesa kamar Kano, ka shirya tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tanadi keji ko akwatin katako mai ramukan iska a kowane gefe, wanda kare zai iya tsayawa ya juya ya kwanta a ciki. Kwikwiyo kuwa kwando mai murfi da shimfiɗar ciyawa ya ishe shi. Ka daina ba shi abinci awa 3 zuwa 4 kafin tashi don gudun amai, amma kada ka hana shi ruwa. Ka tashi da asuba ko da yamma, ka tsaya duk awa 2 ka shayar da shi, igiya na wuyansa.

Kada a cusa kare cikin buhu, ko a kulle shi a but ɗin mota, ko a ɗaure ƙafafunsa a bayan babur. A bayan a-kori-kura, a ɗaure kejin sosai a yi masa inuwa, kuma a raba shi da awaki da kaji. Takunkumin da ya matse baki yana hana haki, yana iya kashe kare cikin zafi. Idan ka ga yana haki da ƙarfi, miyau na zuba, yana tangaɗi, ka tsaya a inuwa ka jiƙa jikinsa da ruwa kana yi masa fifita. Ka riƙe takardar allurarsa a aljihu. Idan kun isa, ka keɓe shi aƙalla mako 2 kafin ya haɗu da sauran karnuka. Wanda ba a taɓa yi wa allura ba, a yi masa nan take a ci gaba da lura da shi, domin haukan kare yana iya ɗaukar watanni kafin ya bayyana.

Kammalawa

Dafaffen abinci, inuwa da ruwa, maganin tsutsa duk wata 3, da allura sau ɗaya a shekara, kuɗinsu bai kai asarar saniya ɗaya ba, balle ran yaro. Ka yi magana da maƙwabtanka da mai unguwa ku tsayar da rana guda a shekara da za a yi wa karnukan unguwarku allura tare. Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko asibitin dabbobi mafi kusa da kai.