Fayil a Kan Tebur, Yadi a Ƙarƙashin Keke

Duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki a farkon azumi ya san yadda ake ƙarewa. Yadin yana nan a ninke cikin leda, an rubuta sunan mai shi a guntun takarda an maƙala, mako uku almakashi bai taɓa shi ba. Sai goman ƙarshe ta shigo a tayar da janareta, yaran shago su kwana suna sa maɓalli da guga, mai kaya ya karɓi rigarsa daren Sallah zare na reto a wuya. Mutumin da ke iya kwana uku bai runtsa ba a kan keke, ai ba ka ce masa rago ba. Haka shi ma ma'aikacin da aka ba rahoto tun ranar Litinin. Ya kunna kwamfuta, ya duba WhatsApp, ya gyara durowar da ta shekara a hargitse, ya leƙa ofishin kusa a gaisa. Aiki yake ta yi, ban da wanda aka sa shi.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayanin wannan a 2013. A ganinsu, mai jan ƙafa ba lissafin lokaci ya gagare shi ba, damuwar da aikin ke jefa shi ciki yake gudu. Da zarar ya ce "sai gobe", sai ya ji sanyi a ransa nan take, wannan ɗan sanyin kuma shi ke koya masa ya sake faɗa gobe. Shi ya sa ba kowane aiki ake ɗagewa ba. An fi ɗage wanda ba a san ta inda za a kama shi ba, da wanda ake tsoron maigida ya kushe, da wanda ke da kunya a ciki, kamar kiran abokin ciniki a ce masa kayansa sun lalace. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara ɗimbin bincike a kan batun a 2007, ya kuma kawo ƙiyasin cewa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na manya wannan ɗabi'a ta zame musu jiki.

Akwai kuma yaudarar kai. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi wasu ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa zai ɗauke su kafin su kammala kundin bincikensu. A matsakaici sun ce kusan kwana 34. Sai da suka ci kwana 55, kuma waɗanda suka gama a lokacin da suka yanka wa kansu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba ƙarya suka yi ba. Mutum kan auna aiki da ranar da babu ɗauke wuta, babu zaman makoki, babu baƙon da ya iso daga ƙauye ba sanarwa, alhali irin wannan rana ba ta cika zuwa ba.

To, ina magani? Faɗa da nasiha ba su cika tasiri ba, domin mai jan ƙafa ya riga ya yi wa kansa faɗan da ya fi naka zafi. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne binciken Peter Gollwitzer, wanda ya taƙaita a 1999: niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi niyya tsura cika. "Zan rubuta rahoton a makon nan" magana ce kawai. "Ina sallame Azahar zan zauna a teburina in rubuta shafin farko" alkawari ne mai ƙafafu. A nan muna da gatan da ba mu cika lura da shi ba, domin sallolin yini sun riga sun yanka mana rana gida-gida, ba sai an saita ƙararrawa ba. Saura mutum ya rataya wa kowane gida aikinsa. Amma a kula da "in sha Allahu" ɗin da wasu ke yi. Kalma ce mai girma, bai dace a mayar da ita mafakar wanda tun farko bai yi niyya ba.

Sai ƙanƙanta mafarin. Francesco Cirillo, ɗalibi a Italiya a ƙarshen shekarun 1980, ya riƙa saita agogon ɗakin girki mai siffar tumatir, daga nan aka samu tsarin aikin minti 25 a huta kaɗan. Babu wani sirri a 25 ɗin. Amfaninsa kawai shi ne zuciya ba ta tsoron minti 25 kamar yadda take tsoron rahoto mai shafi arba'in, kuma galibi in aka fara sai a tarar abin bai kai yadda aka zata ba. Wasu kuwa sai an toshe musu ƙofar gudu. Matar marubucin Faransa Victor Hugo ta ba da labarin cewa a 1830, bayan ya saɓa wa mawallafinsa alkawari, ya sayo kwalbar tawada da wani babban mayafin ulu, ya kulle tufafinsa na fita don kada ya je ko'ina. Ya kammala littafinsa Notre-Dame de Paris a Janairun 1831. Na yau ba sai ya kulle babbar riga ba, wayar ce ya kamata ta kwana a durowa.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin duka. Shugaban da ya ce "ka duba wannan fayil" bai faɗi me yake so ba, bai sa rana ba, shi ya shuka jinkirin da hannunsa. Tun 1955 Northcote Parkinson, da ya nazarci aikin gwamnatin Birtaniya, ya lura cewa aiki yakan kumbura ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Wanda ba a sa masa wa'adi ba kuwa, sai ya cinye shekara. Ban sa fayil ɗin da aka danne ana jiran na goro a wannan lissafi ba. Wannan cin hanci ne, maganinsa daban.

A watan Mayun 2017, Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a wani umarni da ya tilasta wa hukumomin tarayya su bayyana wa'adin kowace takardar izini, ya kuma tanadi cewa idan wa'adin ya cika hukuma ba ta ce uffan ba, a ɗauka ta amince. Ko ana bin umarnin yadda ya kamata, wannan wata magana ce. Amma dabarar da ke ciki kowane shugaban ofis zai iya aro ta: a da mai nema ne ke ɗaukar asarar "ka dawo gobe", a sabon tsarin kuwa jami'in da ya zauna a kan takarda shi zai amsa tambaya.